Na kwana a fili tare da masu rediyo: wasan tsofaffi ne ko abin da ya kamata mu koya?

Sadiq_Ohayo:
Assalamu alaikum jama'a. Bari in ba ku labarin inda na kwana ranar Asabar, sannan in jefa tambayata.

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin lantarki. Tun da na tare a unguwar nan ta gefen Kolombos, a jihar Ohayo ta Amurka, nake ganin wata doguwar waya a miƙe daga rufin gidansa zuwa kan bishiya. Na ɗauka igiyar shanya ce da aka ɗaura ta yi sama da yawa. Ashe eriya ce. Yana cikin masu rediyon sha'awa, waɗanda a nan ake ce wa ham, wato mutane masu lasisi da ke magana da junansu ta iska, ba layin waya, ba data, ba kamfani a tsakani. Babbar ƙungiyarsu ta Amurka, ARRL, tana da wani taro duk ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni da suke kira Field Day, ranar fita fili ke nan. Tun 1933 ake yin sa. Kowane kulob zai kwashi kayansa ya bar gida, ya je wani fili, ya kafa tasha daga tushe, ba tare da ya jona wutar gwamnati ba, sannan a kwana ana neman sauran tashoshi.

Namu a filin shaƙatawa na wata ƙaramar hukuma aka yi. Da hantsi aka fara kafa rumfuna. Aikin farko da aka ba ni shi ne riƙe zare. Wani tsoho ya fito da danƙon harbin tsuntsu, irin dai namu na yarinta, amma ya ɗaure masa abin naɗe zaren kamun kifi, da ɗan dunƙulen dalma a bakin zaren. Ya saita reshen bishiya mai tsayi ya saki. Karo uku dalmar tana maƙalewa a ganye, yana ƙunƙuni, matarsa tana yi masa dariya daga kan kujera. A na huɗu ta tsallake reshen ta sauko ta ɗaya gefen. Da zaren aka ja igiya, da igiyar aka ja wayar eriya sama. Ƙarfe biyu na rana agogon nan, bakwai na yamma ke nan a Najeriya, aka kunna komai, rumfa ta cika da shuuu da ƙananan muryoyi.

Akwai tebur guda da aka ware wa baƙi marasa lasisi. Mai lasisi yana zaune kusa da kai, shi ke da alhakin tashar, kai kuma ka riƙe makirfo. Abin da za ka faɗa kaɗan ne: lambar kiran tashar, sai ajinku da yankinku. Mu namu "3A, Ohayo", ma'ana kulob ne a fili mai na'urar aikawa uku. Wallahi hannuna rawa yake yi. Na kira, na kira, shiru. Can sai ga murya a cikin hayaniyar nan tana maimaita lambarmu, wani mutum daga Kanada. Duk maganar ba ta kai daƙiƙa ashirin ba, amma tsigar jikina sai da ta tashi. Kafin gari ya waye na samu tashoshi goma sha ɗaya.

Tambayata: mu da wuta ba ta zama, sabis kuma yana ɗaukewa, me ya sa ban taɓa jin ana irin wannan a Kano ko Kaduna ba? Ko dai wasan mutanen da suka ƙoshi ne?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna Sadiq, ham ba shi ne naman alade ba? Ka tabbata rediyo ka je yi? 😂

Sadiq_Ohayo:
Kai Ɗan Fagge Allah ya shirye ka. Kalma ɗaya ce amma ma'ana biyu. Ko da yake a wajen cin abincin dare sai da na yi ta tambaya, daga ƙarshe masara gasasshiya da kankana na ci.

Baba_Tangarahu:
Yaro, ka tuna mini da ƙuruciya. Sunan nan asalinsa ba'a ce. Ƙwararrun masu buga tangarahu ne suke kiran wanda hannunsa bai faɗa ba da haka, kamar mu ce ɗan koyo mai dagula layi. Masu sha'awar suka karɓi sunan suka mayar da shi abin alfahari.

Ni na yi aikin gidan waya tun zamanin P&T, hukumar gidan waya da tangarahu, kafin a kafa NITEL a 1985. Yaran yanzu suna cewa "buga waya" ba su san daga ina maganar ta fito ba. Bugawa ake yi da gaske, da yatsu, a kan ɗan maɓalli. Gajere da dogo, gajere da dogo. Shugabanmu na lokacin yana iya shan shayi, yana hira da kai, kunnensa kuma yana karanta saƙo, hannunsa yana rubutawa. Kuma daga jin bugun yana sanin wane ne a ɗaya bakin layin, don kowa da irin hannunsa, kamar yadda kake gane tafiyar ɗanka daga ƙarar takalminsa. Shin har yanzu suna buga Mos, wato wannan gajere da dogon, a can?

Sadiq_Ohayo:
Ranka ya daɗe Baba, suna yi sosai. Wadda ta fi kowa tara maki a wajenmu ma wata tsohuwa ce mai furfura, ta sa abin ji a kunne tun bayan magariba, kuma ku sani magariba a nan a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara. Ban ga ta tashi ba sai wajen ɗayan dare. An gaya mini duk wanda ka samu da Mos maki biyu ne, da murya kuma maki ɗaya. Tun 2007 aka daina tilasta jarrabawar Mos kafin a ba da lasisi a Amurka, amma masu yi ba su daina ba.

Realist_KD:
Ni fa ban ga abin burgewa ba. Ka kwana sauro yana cizonka don ka ce wa wani mutumin Kanada "3A" ya ce maka "na ji"? Ko gaisawa ba ku yi ba. Da WhatsApp yanzu zan kira ƙanwata a Jidda in ga fuskarta. Mutanen nan sun ƙoshi ne, fansho yana shiga, ba su da abin yi. Mu nan kuɗin man janareta na kwana ɗaya ma aiki ne.

Inj_Hadiza:
Malam Realist, kiran da kake yi wa ƙanwarka yana bi ta hannu nawa? Wayarka, turken sabis na unguwarku, dizal ɗin da ke cikin janaretan turken, wayar gilashi da ke ƙarƙashin ƙasa, sannan wadda ke kwance a ƙasan teku. Ka manta watan Maris na 2024 da wayoyin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, intanet ya koma tafiyar hawainiya? Abin da Sadiq ya gani ba ya bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rediyo, batir, waya mai tsawon mita 20, shi ke nan.

Kuma gajartar maganar da kake rainawa ita ce darasin. Ana koyon yadda za a isar da saƙo daidai, cikin hayaniya, ba tare da an ce "me ka ce?" sau biyar ba. Ranar da saƙon zai zama "muna buƙatar jini, mutum shida, asibiti kaza", ba lokacin gaisuwa da tambayar iyali ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Realist_KD:
Injiniya na ji. Amma sau nawa aka taɓa amfani da shi da gaske? Ko dai atisaye ne kawai har abada?

Sadiq_Ohayo:
An yi. Lokacin guguwar Katrina a 2005, da guguwar Maria da ta daidaita Fotoriko a 2017, da kuma Helene a 2024 da ta yanke garuruwan kan duwatsu na Karolina ta Arewa. A wannan ta ƙarshen mutane sun riƙa aika sunayen 'yan'uwansu ta wata na'urar maimaita saƙo da ke kan dutsen Mitchell, ana karantawa, ana neman labarinsu. Maƙwabcina ya ce ya zauna yana saurare har ya kasa cin abinci.

Bagusauwa:
Ni wannan magana ta taɓa ni. Satumbar 2021 aka rufe sabis a Zamfara gaba ɗaya. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya, yayana yana Legas, shi ke turo kuɗin magani. Sai dai in rubuta lambobi da saƙonni a takarda, nawa da na maƙwabta, in ba wani ƙanena ya hau mota zuwa Funtuwa ya yi kira ya dawo da amsa. Da aka rufe Funtuwa ma sai Zariya. Har wasiƙa muka koma ba direbobi a tasha kamar zamanin kakanni. Da akwai mai irin wannan rediyon a unguwarmu ai da mun huta.

Lauya_Mk:
Hajiya Allah ya ƙara wa Mama lafiya, amma a nan dole in taka burki. Abin da ya faru a Zamfara ba bala'i ne ya katse layi ba, hukuma ce ta rufe da gangan saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanayin wanda aka gani da doguwar eriya a bayan gida yana magana da wani gari, kafin ya gama bayanin lasisinsa ya kwana biyu a inda ba ya so. Ko a Amurkar da Sadiq yake, lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu gwamnati ta dakatar da masu rediyon sha'awa. Kada wani ya karanta wannan zaren ya je ya sayo na'ura ya ce zai zagaye dokar hukuma. Ambaliya daban, dokar tsaro daban.

Bagusauwa:
Haka ne Barista. Zafin abin ne ya sa na faɗa. Amma ka san wanda bai kwana da mara lafiya ba sabis ba, ba zai gane ba.

Abba_Yerwa:
To ku zo Maiduguri, tamu ambaliya ce. Daren da madatsar Alau ta ɓalle, Satumbar 2024, ruwa ya same mu muna barci. Mun kwana biyu a saman bene mu fiye da ashirin. Matsalarmu ta farko ba sabis ba ce, caji ne. Wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, muka bar guda ɗaya a kashe, sai a kunna a yi kira a sake kashewa. Ni a ganina ba mu buƙaci magana da Kanada ba a ranar. Mun buƙaci magana da mai kwalekwale da ke unguwa ta gaba. Oba-oba guda biyar a hannun mutanen da suka san yadda ake amfani da ita da ta fi mana babbar rediyo.

Inj_Hadiza:
Abba ka faɗi gaskiya, kuma duka biyun suna cikin harkar. Ƙaramar ta hannu tana aiki ne a zangon mita 2, ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, kuma kusan sai inda ido zai iya kaiwa take kaiwa. Cikin gari da gine-gine 'yan kilomitoci ne. Amma in aka ɗora na'urar maimaitawa a wuri mai tudu, a ce kan Dala ko Goron Dutse, da batir da faifan sola, sai ta karɓi muryarka ta sake watsa ta, mai oba-oba a Bompai ya ji na Kabuga.

Ta nesa kuma gajeren zango ce, irin wanda iyayenmu suke kamo BBC da shi. Can sama akwai wani ɓangare na iska da hasken rana ke cajawa, shi ke dawo da saƙon ƙasa kamar an buga ƙwallo a bango. Da rana ɓangaren ƙasa-ƙasa na wannan iskar yana shanye zangon mita 80 da 40, shi ya sa ba sa nisa, sai a koma mita 20 ko 15. Rana na faɗuwa sai ya washe, mita 40 ta buɗe. Sadiq, na tabbata ka lura da dare sun sauya zango.

Abin da zai fi mana amfani a nan shi ne wata dabara mai sauƙi: a ɗaura eriyar ƙasa-ƙasa, kamar mita uku zuwa biyar daga ƙasa, saƙon ya tashi sama tsaye ya zubo kamar ruwan sama a kewaye, kilomita ɗari biyu, ɗari uku, har fiye. Daga Kano ka samu Katsina, Kaduna, Damagaram, ba ruwanka da dutse ko daji a tsakani. Sojoji da ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna amfani da ita.

Sadiq_Ohayo:
Ƙwarai Anti Hadiza. Wajen sha ɗayan dare aka sauke wata waya aka ɗaga wata. Kuma na ga abin da kika taɓa faɗa a wani zaren game da inbata. Wani ya zo da faifan sola da ƙaramar inbata mai araha, yana kunna ta duk rediyoyin suka cika da ƙara kamar ana soya ƙosai. Aka yi ta neman mai laifi kusan rabin awa, ana kashe abubuwa ɗaya-ɗaya. Da aka gano, sai aka jona rediyon kai tsaye da batir, tunda dama da bolt 12 take aiki.

Mai_Sola_Sabongari:
Wannan kam sana'ata ce. Yawancin inbatocin da ke kasuwa da na'urar daidaita cajin sola haka suke, ba wanda ya damu saboda fanka da talabijin ba sa ƙorafi. Injiniya, rediyo mai wat 100 wuta nawa take ja?

Inj_Hadiza:
Lokacin da kake magana tana iya jan amfiya 20 ko ɗan fiye. Lokacin saurare ɗaya zuwa biyu. Tunda saurare ya fi yawa, batir mai kyau guda zai kai ka nesa. Akwai ma masu yi da wat 5 kacal, kuma a taron da Sadiq ya je ana ninka musu maki saboda haka.

Mai_Sola_Sabongari:
To ai mu wannan ranar fita filin kullum a cikinta muke. Su sai sun bar gida kafin su rabu da wutar gwamnati, mu ita ce ta rabu da mu 😅

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan ma kuran ɗin, wato wutar lantarki, haka take, in zafi ya zo sai a hankali, rezo kuma kana fita gari kaɗan ya ɓace. Abin da zan ƙara, kowace ƙasa tana da harafinta na kira. Nijar 5U, Najeriya 5N, Gana 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Sudan ST. Na san haka ne don wani baƙo da ya taɓa aiki da wata ƙungiyar agaji a nan yana da lasisi, ni nake tuƙa shi. In ya kunna da yamma ya faɗi 5U sau ɗaya, sai ka ji Turawa da Japanawa sun rufto kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa yana ihun lambarsa. Ya ce mini saboda masu yi daga Nijar ba su da yawa, su kuma suna tara ƙasashe ne kamar yadda yara ke tara hotunan 'yan ƙwallo. Bayan wata biyu sai katunan shaidar sun yi magana da shi su yi ta zuwa ta gidan waya, kowanne da hoton garin mai shi.

Dan_Fagge:
Wato mu ne kayan marmari ba mu sani ba.

Umar_Bradford:
Gyara kaɗan ga Sadiq. Ba Amurka kaɗai ke yi ba, kada a ɗauka nasu ne. Nan Ingila ƙungiyar RSGB tana da nata, ita ma tun 1933. Ƙungiyar duniya ta masu wannan harka, IARU, wadda aka kafa a Faris a 1925, ta raba duniya yanki uku, kuma Afirka tana yanki na ɗaya tare da Turai da Gabas ta Tsakiya. A yankinmu ana fita fili farkon Yuni don masu Mos, farkon Satumba don masu murya. To in za a yi a Kano, na Satumba ne namu, ba sai an jira na Amurka ba. Ko da yake damina ce, a shirya wa hadari.

Kuma a Najeriya akwai ƙungiya, NARS, tana cikin IARU. Ba wai babu ba ne sam, ba su da yawa ne kuma ba a jin ɗuriyarsu a Arewa.

Sadiq_Ohayo:
Na karɓi gyara Yaya Umar. Maganar hadari kuma, mu ma ya same mu. Wajen ɗayan dare aka fara walƙiya daga yamma. Wani mutum da aka naɗa musamman don lura da lafiyar jama'a ya zaga yana cewa a kashe. Ba wanda ya yi musu, har tsohuwar nan mai Mos. Aka cire wayoyin eriya daga jikin rediyo aka jefar da bakinsu can waje, muka shige motoci. Minti arba'in muna zaune. A nan ne maƙwabcina ya ba ni labarin marigayi Sarki Husaini na Jodan, wai shi ma ɗan harkar ne, lambarsa JY1, kuma in ya hau iska da sunansa kawai yake gabatar da kansa, ba sarauta. Da ruwan ya tsaya na shimfiɗa leda a bayan rumfa na yi shafa'i da wutiri, janareta yana ta ruri a gefe. Da na sallame na tarar wani ya matsar da janaretan can nesa, bai ce mini komai ba.

Malama_Rabi:
Ni malamar kimiyya ce a sakandaren 'yan mata, kuma ta wannan gefen nake kallon abin. Shekara nawa ina zana igiyar rediyo a allo, ina rubuta tsawon zango da yawan kaɗawa, yara suna haddacewa su zubar a jarrabawa su manta. Da za a ce su auna waya da kansu, su yanke, su ɗaga a kan darbejiyar makaranta, su ji murya ta fito daga wata ƙasa, wallahi har su tsufa ba za su manta ba. Ba sai an yi ambaliya abin zai yi amfani ba. Realist yana tambayar amfaninsa, to ga shi.

Zongo_Boy_Kumasi:
Malama gaskiya ne. Mu a nan ta hanyar sikawut na fara jin labarin. Duk ƙarshen mako na uku na Oktoba 'yan sikawut na duniya suna da taronsu ta iska, JOTA, tun 1958. Masu lasisi ne ke kawo kayansu yara su yi magana. In makarantarku tana da sikawut ko gaid, ta nan ƙofar ta fi sauƙi, don hukuma ta san su, ba wanda zai ce wani abu ake ƙullawa.

Realist_KD:
To na sauko kaɗan saboda maganar Malama. Amma har yanzu ba wanda ya faɗi kuɗi. Nawa ne? Kuma oba-oba ɗin Baofeng da 'yan sintiri da masu gadin biki suke riƙewa, ba ita ba ce?

Lauya_Mk:
Ita ce matsalar ma. Na'urar tana iya shiga zangon masu sha'awa, tana kuma iya shiga inda ba a yarda kowa ya shiga ba. Sayenta a kasuwa ba lasisi ba ne. Kuma harkar tana da ƙa'idojinta kusan a ko'ina: ba a kasuwanci a kai, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye magana da wani sirrin lambobi, kuma dole ka riƙa faɗin lambar kiranka. Duk abin da ka faɗa kowa na iya ji. Wannan ne ma hujjar da za a iya kai wa jami'an tsaro, cewa mai lasisi shi ne mutumin da ya fi kowa fitowa fili, sunansa da adireshinsa suna hannun hukuma. In da ni ne zan shirya irin wannan taro a nan, takarda zan fara kai wa DPO da mai unguwa, in gayyace su su zo su sha shayi su gani da idonsu.

Sadiq_Ohayo:
Barista abin dariya, a can ma har maki ake ba kulob in wani zaɓaɓɓen shugaba ko jami'in agajin gaggawa ya ziyarci wurin, haka in an yi a inda jama'a ke wucewa. Mu wani ɗan majalisar gari ya zo da jikarsa da safiyar Lahadi.

Kuɗi kuma, a nan lasisin farko jarrabawa ce mai tambaya 35, ka ci 26 ka wuce, sai dala 35 na hukumar sadarwa ta FCC, ya yi maka shekara 10. Ba sai kana ɗan ƙasa ba. Babbar rediyon ce mai tsada, ko wadda aka yi amfani da ita ce sai ka ajiye ɗaruruwan daloli. Shi ya sa ake kulob. A wajenmu mutum kusan talatin ne, rediyo huɗu.

Inj_Hadiza:
Kuma saurare kyauta ne, ba ya buƙatar lasisin aikawa. Jami'ar Twente da ke Holan tana da na'urar karɓa da ta jona da intanet, kowa zai iya buɗewa a wayarsa ya juya zango da yatsa. Ku gwada wajen megahaz 14.2 da yamma, ko 7.1 da dare, za ku ji su. Realist, da datar da kake kiran Jidda za ka iya leƙawa.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: akwai tauraron ɗan'adam na Katar, Es'hail-2, da aka harba a Nuwambar 2018, yana ɗauke da sashe na masu sha'awa da ake kira QO-100. A tsaye yake wuri guda a sama, yana kallon Afirka gaba ɗaya, daga gabashin Burazil har Tailan. Dish irin na kallon ƙwallo ya isa a karɓe shi. Su Sadiq a Ohayo ba sa ganinsa ma, mu ne a tsakiyar inuwarsa.

Sadiq_Ohayo:
Tabɗi. Wannan zan kai wa maƙwabcina gobe in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Baba_Tangarahu:
Ku dai yaran nan da tauraro da kwamfuta. Jikana ya nuna mini wata sabuwar hanya da kwamfutoci biyu ke gaisawa da kansu duk daƙiƙa 15, mutum yana zaune yana kallo. Na ce to kai mene ne aikinka a ciki?

Umar_Bradford:
FT8 ke nan Baba, 2017 ta fito, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, Joe Taylor, ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993. Tana ciro saƙon da kunne ba zai taɓa ji ba. Amma kada ka damu, a kulob ɗinmu ma tsofaffi irin wannan faɗan suke yi duk wata, har wani ya yi fushi ya daina zuwa shan shayi.

Baba_Tangarahu:
Ina bayansa. In dai za ku yi a Kano, ku ajiye mini tebur guda da maɓalli. Hannun ya tsufa amma bai manta ba. Jiya da na karanta zaren nan na tsinci kaina ina buga sunan marigayiya matata a kan hannun kujera.

Bagusauwa:
Allah ya jiƙanta Baba, ya sa ta huta.

Dan_Fagge:
Amin. Ni dai na ɗauki nauyin shayi da burodi, amma ba zan hau bishiya ba.

Realist_KD:
Na buɗe na Twente ɗin nan. Rabin awa ina jin shuuu da wani abu kamar kukan tsuntsaye, sai wani mutum da muryarsa ta fito kamar agwagwa. Wannan ne abin?

Inj_Hadiza:
Kukan tsuntsayen Mos ne ko FT8. Agwagwar kuma mutum ne, ba ka daidaita ba ne. In kana kan megahaz 14 zaɓi inda aka rubuta USB a shafin, in kana kan 7 zaɓi LSB, sannan ka matsa a hankali, kaɗan-kaɗan, har muryar ta zama ta ɗan'adam.

Malama_Rabi:
Injiniya, in don saurare kawai ne a makaranta, waya mai tsawon nawa zan sa yara su yanka? Akwai ragowar wayar lantarki a sito, kuma tsakanin darbejiyarmu da tankin ruwa zai kai taku talatin.

Inj_Hadiza:
Don mita 20, yanki biyu, kowanne mita 5 da 'yan santimita, a haɗa su a tsakiya da kebul ɗin da zai sauko zuwa rediyo. Don mita 40 ki ninka, kowane gefe ya zama kamar mita 10. Taku talatin zai ɗauki ta biyun ma. Ki dai duba kada ta bi ta kusa da wayar wuta, ko da ba a kawo ba, kuma in hadari ya haɗo a cire ta daga jikin rediyo. Wace irin rediyo kuke da ita a makarantar?

Malama_Rabi:
Wata tsohuwa ce ta shugabar makaranta mai gajeren zango, da ita take jin labaran safe. Bari in duba bayanta gobe in turo miki hoto.

Realist_KD:
Ya fito. Ɗan Italiya ne, yana ta maimaita lambarsa.